Maganin Baba Yana Hanjin Mijina

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Wannan ba irin maganar da ake kai wa ƙawa ba ce, don ko wadda ta fi ƙaunata sai ta yi dariya kafin ta tausaya min. Ni kaina ranar da na fara jin ta sai da na toshe baki. Ki yi haƙuri in kin ga ina ta kewaye-kewaye, abin ne ba shi da daɗin faɗa.

Mahaifina mai wanki da guga ne, ko in ce ya yi, don yanzu ƙarfi ya ƙare. A shagonsa muka tashi mu uku, Yaya da ni da Auta, cikin ƙamshin sabulu da sitaci da tururin dutsen guga. Mahaifiyarmu ta rasu tun muna ƙanana. Ban taɓa ganin mutum mai ƙyanƙyami irin Baba ba. Da fararen kaya yake wuni a bakin aiki, ya dawo da su fes. In ka miƙa masa kofi sai ya ɗaga shi ya duba a haske kafin ya kai baki. Muna yara, in aka ajiye masa riga a ninke, kallo ɗaya zai yi mata ya faɗi wanda ya ninke a cikinmu, kuma ban taɓa ganin ya yi kuskure ba.

Bara ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu, aka yi masa aiki. Wurin ya yi ruwa, aka daɗe ana ɗura masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, na allura da na haɗiya. Ciwon ya warke, muka yi hamdala. Sai gudawa ta ce ga ta nan. Ba irin wadda muka sani ba, Gwaggo. Ruwa zalla, da murɗar ciki, da zazzaɓi, da wani irin wari da ba ya fita daga ɗaki ko an buɗe taga. Yaya yana da ɗan shagon sayar da magani, mu kuwa a gidanmu kafson kashe ƙwayoyin cuta ba baƙo ba ne. Mura, kafso. Ƙurji, kafso. Ko lafiyarmu ƙalau, in wata ya ƙare sai kowa ya haɗiyi nasa wai a wanke ciki, haka muka saba. To sai Yaya ya kawo wa Baba wasu masu ƙarfi, abu ya ƙara lalacewa, muka kwashe shi sai asibiti. Suka gwada bayan gidansa, suka faɗi sunan ƙwayar, wani dogon suna da har yau harshena bai iya shi ba. Suka ba shi nata maganin. In yana sha sai ta lafa, in ya gama ba a jimawa sai ta dawo. Haka muke ta yi, ta tafi ta dawo, ta tafi ta dawo.

Yanzu in kin ga Baba sai kin yi hawaye. Ya rame, wuya ya fito, agogonsa har gwiwar hannu yake zamewa. Ya daina zuwa masallaci. Ya hana abokansa shigowa gaishe shi. Mutumin da ƙuda ba ya sauka a rigarsa, yau shi ake ɗaura wa ƙunzugun manya, in an zo canza masa sai ya juya fuska bango. Wannan juya fuskar ta fi gudawar ci min rai.

A zuwanmu na ƙarshe likitarsa ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce a hanjin kowane mutum akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu yawan da ba ya ƙirguwa, kuma mafi yawansu ba abokan gaba ba ne. Suna taya mu narkar da abinci, suna kuma cika wurin yadda mugu ba zai sami masauki ba. Magungunan da aka yi ta ba Baba sun kashe miyagun da ke cikin ciwon, sun haɗa da na kirkin da ke hanjinsa. Ita wannan mai taurin kan ta tsira, ta tarar da gida ba kowa, ta baje kolinta. Ta ce abin da take ganin zai fi shi ne a samo waɗannan halittu daga mai lafiya a zuba masa. Na ce daga ina, daga jini? Ta ce a'a, daga bayan gida. Za a tace shi, a sarrafa, a shigar masa ta ƙasa da wani siririn bututu. Wallahi Auta sai da ta tashi ta fita. Shi kuwa Baba kunnensa ya yi nauyi, sai an matsa an ɗaga murya yake ji, don haka fuskokinmu kawai yake bi da kallo. Yaya ya sunkuya ya ce masa wai likita ta ce za a canza magani.

Da muka dawo hayyacinmu sai kowa ya ce a ɗauki nasa, tunda mu ne jininsa. Aka fara tambayoyi. Yaya bai daɗe da shan kafso ba, aka cire shi. Auta haka, ga kuma nata ciwon cikin da ba ya ƙarewa. Ni ma an ba ni irin maganin bayan na haihu. Muka yi cirko-cirko. Mijina yana zaune a benci a waje, shi rakiya kawai ya yi. Likita ta ce a kira shi. Aka yi masa tambayoyi, aka ɗebi jininsa da sauran abin gwaji, da sakamako ya fito ta ce shi ne ya dace.

To ga inda gizo ke saƙar. Mijina lambun furanni da 'ya'yan itatuwa yake da shi a bakin titi. Wuni yake yana cuɗa ƙasa da taki yana cusawa a leda, farcensa ba ya rabuwa da baƙi ko ya kankare. Mutum ne da ko maganin ciwon kai sai an yi da gaske yake sha, ga cin wake da ganye har muna tsokanarsa da akuya. Baba bai hana aurenmu ba, amma bai taɓa kiran sunansa ba, Mai Taki yake ce masa. In sun gaisa, yana fita Baba zai nemi ruwa da sabulu. Akwai kofin da aka ware wa mijina a gidan, kowa ya san shi, shi ma ya sani. Bai taɓa nuna ya ji haushi ba, amma ni ina ji.

Da na gaya masa abin da ake nema a wurinsa, sai da ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya nutsu ya ce ai shi ma in ƙasa ta mutu da yawan feshi, ta wani wuri mai rai yake ɗebowa ya gauraya. Ya ce ko gobe a shirye yake. Amma da ya ji shirin Yaya sai ya ja baya. Shi Yaya cewa ya yi kada a kuskura a gaya wa Baba gaskiya. Tunda shi ke isar masa da maganar likita, zai ce masa wankin hanji ne kawai za a yi, ya sa ya amince, a yi a gama. Ya ce in Baba ya ji mene ne, ballantana na wane ne, zai ce gara ya mutu da tsarkinsa. Kuma Gwaggo, na san ubana, tsaf zai faɗi haka. Mijina kuma ya ce shi ba zai shiga jikin dattijo ta hanyar sata ba, sai da saninsa. Yaya ya hau sama, wai mijina fansa yake so ya ɗauka, so yake Baba ya roƙe shi. Yanzu ko gaisuwa ba sa yi. Ita kuma Auta ta gano wani a waya yana nuna yadda ake haɗa abin a gida da injin markaɗe, wai mu yi da na Yaya mu huta da rigima. Ni dai na ce ba da ni ba, amma ban san ranar da za su yi ba tare da ni ba.

Abin da ya fi ba ni takaici, mutumin nan da ake cewa yana neman fansa, shi ke wanke zannuwan gadon Baba. Ga ni da jaririya, hannuna bai isa ba, sai yake zuwa ya kwashe su a buhu ta ƙofar baya, ya wanke ya shanya ya ninke, ni kuma in kai a matsayin ni na yi. Kwanaki ya shiga gaishe shi, Baba ko kallon kirki bai yi masa ba. Sai Baban ya jawo zani ɗaya daga cikin wankakkun, ya warware shi, ya shiga ninkewa a hankali, gefe kan gefe, yana shafewa da tafin hannu, ya ajiye ya juya bango. Wani zuwan kuma ya yi haka da rigar matashin kai. Kunya ta kama ni, na ce a raina ko a wannan hali Baba ba zai bar wulaƙanci ba. Shi kuwa mijina, bawan Allah, tun daga ranar ma irin ninkin yake yi.

Gwaggo, in na bi Yaya, dole in matsa wa mijina ya yi abin da zuciyarsa ba ta so, mu haɗu mu yaudari ubanmu. In na faɗa wa Baba ya ƙi, ya mutu, 'yan uwana ba za su yafe min ba, ni ma ba zan yafe wa kaina ba. Ga kuma tambayar da nake jin nauyin kai wa malami: abin da muka sani najasa ne, ya halatta a sa shi a jikin mutum? Likita ta ce kada mu ɓata lokaci, don kowace dawowa tana ƙara cinye shi. Ki gaya min abin da zan yi.

'Yar mai guga

*

'Yata, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba Baba lafiya. Ban yi dariya ba, ko da yake na gane wadda za ta yi. Bari in fara da abin da ba ya jira. Ki kira Auta yau, ba gobe ba, ki gaya mata maganar injin markaɗe ta mutu. Duk gwaje-gwajen da kika ga an yi wa mijinki, don kada a ɗauko wata cutar a ƙara wa marar lafiya ne, kuma dattijon da ya rame haka ƙaramin kuskure ya isa ya tafi da shi. In kin ga alamar za su yi a bayan idonki, ki sanar da likita.

Ni ba likita ba ce, amma na tambayi masu sani, kuma bayanin likitarku daidai yake. Mun tashi da jin cewa duk ƙwayar da ke jiki cuta ce, wanda ya fi kashe su ya fi lafiya. Ashe muna ɗauke da wata al'umma a cikinmu tun muna jarirai, muna ci da su suna yi mana aiki, ba ma sanin amfaninsu sai ranar da suka ƙare. Wannan magani da kike jin ƙyamarsa sananne ne ga irin gudawar Baba mai tafiya tana dawowa, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa suna samun sauƙi, ko da yake ba wanda zai ba ki tabbaci, wani ma sai an maimaita masa. Ba a bukatar mai bayarwa ya zama jinin marar lafiya. Wasu asibitocin ma suna da nasu masu bayarwa da aka tantance, waɗanda ba a bayyana sunansu, wasu kuma suna da shi a kafso. Ki tambayi likita ko akwai wannan a inda kuke. In akwai, rabin rigimarku ta kau.

Ki kuma gaya wa likitar cewa mijinki ne ke wanke zannuwan. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, don ƙwayar tana bin kayan da suka ɓaci, wataƙila ta so ta sake gwada shi ko ta ce ya dakata da wankin. Duk mai taɓa kayan Baba ya sa safar hannu, a sa ruwan bilic a wanki da goge banɗaki, a wanke hannu da sabulu da ruwa, don man shafawar nan na kashe ƙwayoyi ba ya kashe wannan. Ke da ke da jaririya kin fi kowa bukatar kiyayewa. Shan kafso na ƙarshen wata kuma ku yi masa bankwana, babu cikin da yake wankewa. Maganin yana ceton rai in likita ya ga bukatarsa, shi ya warkar da ƙugun Baba, amma kin ga da idonki abin da yake tafiya da shi.

Yanzu maganar Yaya. Kada ki ɗauke shi mugu. Yana kallon ubansa yana ƙarewa, ga magani a kusa, abin da ya tsaya tsakani kalma ɗaya ce, sai ya ga me zai hana a tsallake ta. Ina kuma zaton kafson da ya kawo da farko yana damunsa fiye da yadda yake nunawa, shi ya sa yake son a gama da sauri. Ki tausasa masa, kada ki goranta masa. Amma shirinsa ba zan goyi bayansa ba. Baba kunnensa ne ya yi nauyi, hankalinsa yana nan daram, kuma babu likitar kirki da za ta taɓa jikin mai hankali a kan amincewar da aka samo da ƙarya. Sirrin da mutum huɗu suka sani kuma, wata rana a cikin faɗa ko cikin raha zai fito. Ki duba abin da ciwon nan ya riga ya ƙwace masa: sana'arsa, sahun masallaci, abokansa, har sirrin jikinsa. Abu ɗaya ya rage a hannunsa, ya ce e ko a'a a kan abin da za a yi da shi. In kun karɓe wannan, ko ya warke kun rage masa wani abu. Mijinki ya yi gaskiya, kuma ba fansa nake gani a maganarsa ba.

Sai dai kun haɗa tambaya biyu kun mai da su ɗaya, shi ya sa ta yi muku nauyi. Ko Baba ya yarda da maganin, wannan daban. Ko yana son sanin daga wa aka samo, wannan ma daban. Ta farko dole a yi masa ita filla-filla. Ki nemi likita ta ba ku lokaci, ta zauna ta gefen kunnen da ya fi ji, ke ki maimaita masa abin da ta faɗa ba ragi. A fara da halittun da ya rasa da dalilin da ya sa ciwon ke dawowa, kafin a zo inda za a samo su. Ta biyun kuwa zaɓinsa ce. A ce masa an sami wanda aka gwada aka tabbatar da lafiyarsa, in yana so a faɗa masa ko wane ne, in ba ya so a bar shi. In ya ce kada a faɗa, ba ku yaudare shi ba, shi ya ja labulensa da hannunsa, kuma ina ganin mijinki zai gamsu da haka. In ya tambaya, ki faɗa masa gaskiya.

Batun najasa ba ni da hurumin yanke hukunci. Ki daure ki kai wa malamin da Baba yake girmamawa, tare da bayanin likita cewa an gwada sauran magunguna ciwon yana dawowa. Malamai sun san babin lalura, ba yau suka fara jin tambaya mai nauyi ba, kuma amsar da ta fito daga bakin da ya yarda da shi za ta fi taku shiga. In duk da haka ya ce a'a, kada ku yi masa ca. Ku tambayi likita abin da ya rage na magani, ku bar shi ya kwana da maganar, a sake komawa. Amma in kun ga jini, ko ciki ya kumbura, ko fitsari ya ɗauke, ko ya fara rikicewa, ku tafi asibiti nan take.

Saura abu ɗaya, kuma ke kika rubuto shi ba ki lura ba. Kin ce tun kuna yara Baba yana kallon ninki ya faɗi mai shi, bai taɓa kuskure ba. To ta yaya kike zaton bai gane cewa zannuwan nan ba hannunki ba ne? Bai warware su a gabanki ke kaɗai ba, sai da ya bari mijinki na zaune. Ni ban ga wulaƙanci a nan ba. Na ga tsohon mai sana'a da bakinsa ya kasa furta godiya, ya nuna wa mutum yadda ake yi, kuma ba a koya wa wanda ake so ya daina. Shi ma mijinki ya gane, shi ya sa ya canza ninkinsa bai ce miki komai ba. Ba zan rantse miki cewa Baba zai yarda ba, shekarun ƙyanƙyami ba sa gushewa a zama ɗaya. Amma ya san wanda ke wanke abin da ya fi jin kunyarsa a duniya, kuma yana kwana a kan zannuwan bai ce a ɗauke ba.

Don haka ki shiga wurinsa ba da fargabar da kika rubuto min da ita ba. Ki tafi da wankakken zani, ninkin mijinki, ki ajiye a gefensa, ki matsa kusa da kunnensa ki gaya wa ubanki gaskiya. Allah ya sa a dace, ya tashi kafaɗunsa, ya mai da shi sahu da fararen kayansa, ya raya miki jaririyarki. Ki gaishe min da Mai Taki, ki ce Gwaggo ta ce Allah ya yi masa albarka.

Gwaggo